Hawan Kwara da Zanen Buhu, Daga Yelwa Zuwa Tungarmu

Gidanmu gidan jirgi ne a Yelwan Yawuri. Duk shekara idan hunturu ya kankama mukan kwashi iyali mu hau kogin Kwara zuwa tungar da mahaifiyarmu ta fito, can sama a ƙasar Shanga. Mota tana kai mutum wani wuri, babur ya ƙarasa da shi, amma Inna ba ta yarda ta shiga garinsu ta baya. Ta bakin ruwa aka fito da ita, ta bakin ruwa take komawa. Mu da muka rubuta wannan wa da ƙane ne, mu ke riƙe da jirgin gidan yanzu, kuma yawan masu tambayarmu yadda ake wannan tafiya da mata da yara, a lokacin da kunne ya gaji da labarin kifewar jirage, shi ya sa muka zauna muka rubuta. Tafiyar bara za mu bi, domin kusan haka take kowace shekara.

Sai an san ruwan kafin a zaɓi rana. Kwara tana cika sau biyu a wajenmu. Na farko shi ne farin ruwa, wanda ruwan damina na kusa ke kawowa ta Gulbin Sakkwato da Gulbin Ka da sauran ƙoramu, ya fi ƙarfi wajen Satumba. Ruwa ne mai laka da gudu, yana ɗauke da itatuwa da tarin kainuwa, ga hadari a sama. Ba ma saka yaro a jirgi don ziyara a wannan lokaci. Na biyu shi ne baƙin ruwa. Shi ruwan sama ne da ya zuba tun a tsaunukan Gini, ya bi ta fadamun Mali ya kwanta a can wata da watanni, lakarsa ta zauna, sannan ya gangaro ta Yamai da Gaya ya iso mu daga Disamba zuwa Fabrairu. Yana zuwa a natse, garau, ana iya hango kan gwangwala a cikinsa. A daidai wannan lokaci tafkin Kainji yana cike, kuma tun da aka gama dam ɗin a 1968 ruwan tafkin ke komowa baya har ya kai Yelwa, sai gudun kogin ya ragu a bakin gari. A daidai lokacin ne kuma iskar hunturu ke busowa daga arewa maso gabas. Ruwa mai yawa, gudu kaɗan, iska mai tsayawa wuri ɗaya: ranar da waɗannan uku suka haɗu ita muke jira, kuma bara mun same ta a mako na biyu na Janairu.

Jirginmu na katako ne, tsawonsa kamu 26, faɗin cikinsa kamu 3 da ɗan kai. Idan aikin fito ne yana ɗaukar buhu 25 na shinkafa shanshera. Ranar tafiyar iyali manya 6 ne da yara 5 da kayan kwana, abin da bai kai rabin ƙarfinsa ba, kuma da gangan ne. Ma'auninmu ɗaya ne: bayan kowa ya zauna, a sa hannu a gefen jirgi a tsakiya, daga bakin katako zuwa fuskar ruwa kada ya gaza taƙi biyu. Idan ya gaza, wani abu zai sauka, ko buhu ko mutum. Duk wanda ke Yawuri a watan Mayun 2021 ya san abin da ya faru kusa da Warra, inda jirgi mai ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse, kaɗan suka fita da rai, kuma hukumomi suka ce lodi ne ya fi ƙarfinsa. Tun daga wannan ranar babu kunyar da ke sa mu ɗauki maƙwabci a bakin kwata don ya ce a rage masa hanya.

Kwana huɗu kafin tafiya muka jawo jirgin kan yashi muka kifa shi. Abin da ake nema shi ne mahaɗar katako da katako, musamman ta ƙasa inda jirgi ke gurzar yashi, da kuma wajen gindi inda girgizar inji ke sassauta ƙusa. Ana bi da bakin wuƙa. Inda wuƙar ta shige ba da ƙarfi ba, a zaro tsohon tsumman, a cusa sabo da ɗan kurfi da guduma, a narka kwalta a zuba a kai. Inda katako ya tsage, a shimfiɗa tsumma mai kwalta, a ɗora fallen kwano, a bi gefensa da ƙananan ƙusoshi yatsa biyu tsakani. Kuskuren da mutane suka fi yi shi ne su gyara jirgi yau su yi lodi gobe. Katakon da ya sha rana da hunturu ya ƙanƙance, kowace mahaɗa ta buɗe baki. Sai an mayar da shi ruwa, a cika shi rabi, a bar shi kwana biyu ya kumbura. Bayan nan a kwashe ruwan tas, a bar shi awa ɗaya, a ƙirga galan nawa ya tara. Namu ya tara galan biyu, wannan ba komai ba ne. Da ya kai shida, da an sake kifa shi.

Zanen da ake ɗagawa iska ta tura jirgi kuwa, wanda samari da yawa a kwata yanzu ba su taɓa ɗagawa ba, ga yadda muke haɗa shi. Buhun taki ko na shinkafa mai kilo 50 ake samu guda 6, a farke gefe da gindi a shimfiɗe, a wanke. A jera biyu a faɗi, uku a tsawo, sai ya ba da kamu 4 da kamu 6. Ɗinki biyu ake yi wa kowace mahaɗa da basilla da zaren nailan, a naɗe bakin ciki, domin buhu daga baki yake fara warwarewa. A gefuna huɗu a ɗinke igiya a ciki, a bar hanci a kowace kusurwa. Iska igiyar nan take ja, ba buhun ba, kuma zanen da ba a yi wa haka ba daga kusurwa yake yagewa tun ranar farko. Sandar tsaye gora ce busasshiya mai kamu 9, wadda ba ta da ƙwaro. Tana shiga ta ramin da aka huda a katakon zama na biyu daga goshi, gindinta ya zauna a cikin wani guntun katako mai rami da aka kafe a ƙasan jirgi. Idan babu wannan guntun katako, gindin gorar zai zame, ta zama mabuɗi ta ɓalle katakon zaman. Gora ta biyu, gajera, ita ake ɗaure saman zanen a jikinta, a ja ta sama da igiyar da ta ratsa zoben ƙarfe a kan sandar. Kusurwoyin ƙasa biyu kowace da igiyarta zuwa baya.

Doka ɗaya ce game da igiyoyin ƙasan nan, kuma Baba ya fi nanata ta fiye da komai: ba a ƙulla su. A naɗa sau ɗaya a katakon zama, a riƙe bakin a hannu. Kwalekwale ba shi da nauyi a ƙarƙashinsa da zai mayar da shi idan ya karkata. Iska mai ƙarfi ta buga, igiya na ƙulle, kafin a kwance ƙulli ruwa ya riga ya hau gefe. Wanda ke riƙe da ita a hannu kuwa sakewa kawai zai yi, zane ya yi ta faɗi-tashi, jirgi ya miƙe. Ita ma igiyar sama ƙullin zarge ake yi mata, wanda fizga ɗaya ke kwancewa.

Muna da inji, ba za mu ɓoye ba, Yamaha mai doki 15. Wanda ya ce zai hau Kwara da iyali da zane kaɗai, bai san inda kogin ke lanƙwasa ba. Muka haɗa fetur lita 25 da baƙin man inji rabin lita, a jarkar aka girgiza su kafin a zuba a tanki, muka riƙe wata lita 10 a gefe. A cikin gwangwanin kayan aiki akwai fulogi biyu, sifana, filaya, farfela ta ajiya da ƙusarta, igiyar tayar da inji, tsumma da ƙusoshi. Gwangwala biyu, filafili uku, galan biyu da aka yanke wa baki don kwasar ruwa, tocila, da igiya mai gaba 15 ɗaure da dutse. Sai jarkoki 6 marasa komai, an ɗaure murfinsu tam, an ɗaure su a ƙarƙashin katakan zama. Jarka mai lita 25 tana riƙe kusan kilo 25 a kan ruwa, ko jirgi ya cika ba zai tafi ƙasa da sauri ba, kuma akwai abin kamawa.

Rigar ruwa kowa da tasa, kuma tun a tudu ake sawa. Ta babba ba ta yi wa yaro, in ya faɗa ruwa ta kansa za ta fice ta bar shi. Ta yara mai ɗamara ta tsakanin ƙafafu muke saya. Kowane yaro an ba shi babba ɗaya da sunansa, don kada a shiga ruɗani kowa ya kama yaro ɗaya a bar wani. Mai goyo takan sauke jaririn ta riƙe shi a cinya, ba a tafiya da goyo a baya, domin uwa in ta faɗa ruwa fuskarta take ɗagawa sama, kan jaririn kuwa ya koma ƙasa. Kaya masu nauyi a ƙasa a tsakiya, tabarmi a kai, mata da yara a kan tabarmi, ba a kan katakon zama ba. Inna ta zauna a tsakiya ta jingina da buhun gero, ita ce mai tsawatar wa duk wanda ya miƙe tsaye.

Da yamma kafin ranar muka je gaida Sarkin Ruwa, muka kuma zaga wajen masu jiragen da suka gangaro daga sama a ranar. Su ne jaridar kogi. Su za su gaya maka inda yashi ya taso bana, inda dorina ta zauna, da kuma lafiyar hanya, domin a shekarun nan sai an tambayi wannan ma kafin a kwana a daji.

Ƙarfe 7 na safe muka yi addu'ar da Annabi Nuhu ya yi lokacin shiga jirgi, muka tunkuɗa. A wannan lokaci babu iska, sai sanyi da hazo, don haka inji ne ya fitar da mu daga cunkoson kwata, rabin wuta. Da tayar da shi ake duba ɗan ruwan da yake fesowa ta baya. In ya daina, a kashe nan take: ko leda ta toshe mashigar ruwa a ƙafar injin, ko robar famfo ta cinye, kuma minti biyu ya isa inji ya ƙone. Sau biyu muka tsaya cire leda kafin mu bar gari.

Wannan yankin na farko, inda ruwan tafki ke shafe tudu, shi ne wurin kututture. Itatuwan da ruwa ya ci suna nan tsaye a ƙasa, wasu taƙi ɗaya ne tsakaninsu da fuskar ruwa. Alamarsu ita ce ruwa ya rabu biyu kamar bakin kibiya mai kallon sama, ko ya riƙa ɗan tafasa a wuri ɗaya alhali kewayensa lumui. Shi ya sa mutum ɗaya ke zama a goshi da gwangwala, ba ya hira, hannu kawai yake nunawa dama ko hagu. Haka yake lura da tarun masunta. In an ga jerin robobi ko guntayen soso a kan ruwa, a rage wuta, a ɗaga ƙafar inji, a wuce ta kai a hankali. Wanda ya yanke tarun mutum ya tsaya ya nemi mai shi ya biya, ba a gudu, hanyar nan za ka sake bi. Mamari kuwa, igiyar nan mai ɗaruruwan ƙugiyoyi, in ta naɗe farfela ba a sa hannu, da sanda da wuƙa ake cire ta.

Wajen ƙarfe 9 da rabi muka ga ciyawar burgu ta fara sunkuyawa, fuskar ruwa ta yi yamutsi. Muka kashe inji muka ɗaga zane. A nan ne yara suka yi tsit, domin ƙarar da ta cika kunne awa biyu ta ɗauke, sai ƙarar ruwa a jikin katako da kukan tsuntsaye a gaɓa. Wannan shirun shi ne rabin dalilin da ya sa har yau muke ɗinka buhu.

Ga yadda iska da kogi suke a wannan hanya. Mai hawa daga Yelwa arewa maso yamma ya dosa, iska kuwa daga arewa maso gabas, wato ta damansa take zuwa. Sai a juya gorar sama ta karkace, a ja igiyar hagu baya sosai, a saki ta dama ta yi gaba. Jirgi zai tafi, amma yana tafe yana zamewa hagu, tunda gindinsa shafe yake. Maganin wannan shi ne mutum ya nutsa filafili a gefen hagu a tsakiya, ya danne shi da jikin jirgi, faɗinsa na bin tsawon jirgin. Hannu yana gajiya, ana canji duk rabin awa. Matuƙi a baya kuma ya riƙa ɗora goshi ɗan dama da inda yake nufi. Muna bin gaɓar dama, domin nan ruwa ya fi kwanciya, kuma in an zame akwai fili. Sai dai in aka matsa da yawa, dogayen itatuwan gaɓa su tare iska, zane ya yi laƙwas, kana fita daga inuwarsu kuma ta buge ka gaba ɗaya. A irin wannan wuri mai igiya yake buɗe ido.

Inda kogin ya karya yamma, iska ta koma baya, nan ne daɗin tafiya. Zane ya cika, jirgi ya riƙa cin gaɓa kamar ana jansa. Amma nan ne kuma iska ke karo da gudun ruwa, sai ruwa ya tashi gajere gajere mai tsini, yana marin gefe yana fantsama ciki. Mai galan ba ya hutawa. Inda kogin ya miƙe arewa kuwa iska ta dawo fuska, ba a jayayya da ita: a sauke zane, a kwantar da sandar ma in iskar ta yi yawa, a tayar da inji ko a koma gwangwala a bakin gaɓa. A awa ɗaya ta zane, idan aka cire abin da ruwa ke mayar da mu, kilomita 3 zuwa 4 muke ci. Mai gaggawa ya hau babur.

Mai hawa ba ya bin tsakiyar kogi. A kowace lanƙwasa, bayan gwiwar shi ne mai zurfi da gudu, inda ruwa ke cin gaɓa tana zubowa, cikin gwiwar kuma shi ne mai sanyin gudu da yashi. Ciki ake bi, ana auna zurfi da gwangwala. A nan muka yi kuskuren bara. Wajen ƙarfe 12 iska ta yi ƙarfi, jirgi na gudu, mai goshi ya ga ruwa ya sauya launi ya yi fari-fari amma ya makara, muka hau yashi. Hawa yashi da zane a sama shi ne haɗarin, domin jirgi ya tsaya amma iska ba ta tsaya ba, sai ta nemi kwantar da shi. Aka saki igiya, aka fizge ta sama, zane ya faɗo. Maza uku suka sauka ta gefen da ruwa ke fitowa, ba ta ƙasa ba, don kada ruwa ya turo jirgin kansu, aka mayar da shi baya ta hanyar da ya shigo. Ba a tura jirgi gaba a kan yashi, ba ka san faɗinsa ba. Ba a kuma tayar da inji, yashi zai sha ya cinye robar famfo. Minti 20 ya ci mana. Dalilin kuskuren a fili yake: yashin bana ba wurin na bara yake ba, kuma mun ɗauka mun san wurin. Gwani ne ruwa yake ci.

Da azahar muka tsaya a wani gungu, wato tsibiri, muka yi salla, aka ci ƙuli-ƙuli da gari da dabino. Ba ma hura wuta a cikin jirgi mai fetur. Ruwan sha jarka biyu muka ɗauko daga gida, in ya ƙare sai a ɗebo na tsakiyar kogi, a jefa alam, a tafasa. Yara sun so wanka a wani ɗan tafki mai ciyawa a bayan gungun, aka hana. Ruwa mai kwanciya da ciyawa nan ne gidan katantanwar da ke kawo tsargiya, kuma duk wanda ya tashi a bakin Kwara ya san fitsarin jini.

Bayan la'asar iska ta faɗi. A nan muka iso gurbin da aka gaya mana akwai dorina. Muka gan su daga nesa, kunnuwa da hanci guda huɗu, ɗaya da ɗa. Dorina ba ta farautar mutum, amma ba ta yarda a shiga tsakaninta da zurfi, ko tsakaninta da ɗanta. Muka tsallaka ɗaya gefen tun da sauran nisa, mai goshi na bubbuga jikin jirgi da filafili don su san inda muke, kada mu faɗa musu ba zato. Idan ta buɗe baki ko ta nutse ta nufo ka, gaɓa mafi kusa za ka nufa, ba tsakiya ba. Tsallakawa kuma ba a yin ta kai tsaye: a ɗora goshi sama da inda ake so a sauka, ruwa ya kai ka. Haka idan babban jirgin kasuwa ya wuce, a juya goshi a tari igiyar ruwansa, kada ta same ka a gefe.

Ƙarfe 5 muka ɗaure. Da sauran haske, kuma da mun matsa da inji da mun isa wajen ƙarfe 8 na dare. Yaya ya duba Inna ya ce, "Inna, a ƙarasa ko a kwana?" Ta ce, "Garin zai tashi ne kafin safe?" Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa ta hana tafiyar dare, daga 6 na yamma zuwa 6 na safe, kuma dokar kan gaskiya take: da dare ba a ganin kututture, ba a ganin taru, dorina ta fito kiwo, in kuma abu ya faru babu mai ganinka. Muka kwana kusa da wata tungar Sarkawa bayan mun yi sallama da mai tungar. Wurin kwana ana duba gaɓa tukuna. In ka ga wata hanya mai faɗi ta fito daga ruwa ta shiga ciyawa, da sawu kamar gindin turmi, ta dorina ce, ka matsa gaba. Jirgi a ɗaure shi goshi da gindi, a bar igiya da ɗan sako. Zanen nan shi ya zama katangar tare iska, aka kafa gidajen sauro a bayansa. Sanyin bakin ruwa a Janairu ba wasa ba ne, bargo biyu-biyu muka tanadar wa yara. Masu tungar suka aiko da kurungu da ƙarfasa, mu kuma muka aika da goro da sukari. Mai gyaran kurungu ya fara karya ƙayoyinsa uku, sukarsu tana hana barci.

Washegari hazo ya rufe har ba a ganin ɗaya gaɓar, sai muka jira ya ɗaga. Ƙarfe 10 iska ta zo, zane ya ɗauke mu sauran hanyar. Fetur lita 11 kacal muka ƙona a hawan gaba ɗaya.

Tungarmu ba ta da girma. Gidaje ne kamar 40 a kan tudu, da wata tsohuwar tsamiya a bakin mashaya wadda ake hangowa tun daga lanƙwasa ta ƙarshe. Zane fari ana ganinsa daga nesa, kuma tunda yanzu ba kowa ke ɗaga shi ba, kafin mu iso yara sun kai labari gida. Ana sauke zane tun da sauran gaba 30, a ƙarasa da gwangwala, domin jirgi mai zane ba shi da birki, ga yara a cikin ruwa, ga mata na wanki. Kawu ya riƙe goshin jirgin da kansa yana cewa, "Maraba da mutanen birni, yaya kuka baro ruwa?" Aka fara sauke Inna, sannan yara, sannan kaya. Abin da muke ƙauna a garin nan ba ɓoyayye ba ne. Fadamar albasa ce kore shar daga gindin tudu har bakin ruwa, da ƙamshin banda daga murhunan laka da ke hayaƙi dare da rana, da shinkafar da aka casa a ranar aka dafa da romon ragon ruwa. Da dare babu ƙarar janareta, sai hirar tsofaffi a kan garuruwan gungu da ruwan dam ya tasa, da inda kowane gida ya koma. Yaranmu a nan suke koyon riƙe filafili, a ƙaramin kwalekwale, a ruwan da bai wuce gwiwa ba. Tsarabar da ake jin daɗinta a can ita ce gishiri, sabulu, sukari, batir, zaren taru da maganin zazzaɓi.

Kwana biyar muka yi. Komowa mutane ke rainawa, alhali tana da nata tarkon. Na farko lodi ne: dangi za su kawo buhun albasa, buhun shinkafa, kwandon banda, kaji, kowa yana cewa nasa ba nauyi. Taƙi biyun nan na nan daram. Bara buhu uku muka bari, babban jirgin kasuwa ya kawo mana su bayan mako guda. Na biyu, mai gangara ruwa ne ke ɗauke da shi, kuma jirgin da ke tafiya daidai da gudun ruwa ba ya jin matuƙi, sai ya fi ruwan sauri kaɗan yake juyuwa. Don haka inji na aiki a ƙaramar wuta ko filafili biyu na tuƙi. Abin da ka buga a gangara kuma da ƙarfi biyu kake bugunsa, naka da na ruwa. In za a tsaya, a wuce wurin kaɗan, a juyo goshi sama, a shigo a hankali. A wuraren da iska ke bayanmu a hawa, zane ba ya aiki a komowa, iskar ta koma gaba-gaba. Mun tashi ƙarfe 6 da rabi don mu ci rabin hanya kafin ta taso, muka iso kwatar Yelwa kafin la'asar.

Da isowa aka wanke zanen, aka shanya shi a inuwa, aka naɗe shi a jikin gorarsa aka rataye a rufin zaure inda ɓera ba ya kaiwa. Rana ce ke cin buhu, in aka bar shi a waje wata biyu sai ya riƙa marmashewa a hannu. Wanda aka adana a ɗaki yana yin hunturu biyu. Na bara ya yi nasa biyun, buhunan sabon suna jiƙe a baho yanzu, a wanke musu taki kafin a fara ɗinki.